Ranar da Mireya Ta Ajiye Waƙa

Kwana tara Mireya ta yi a Makka, kuma cikin kwanakin nan ba wanda ya leƙo ta daga dangin Abdulwasi'u, mutumin da take so ta aura. Ko sannu da zuwa ta waya ba a yi mata ba. Ta yi umara, ta yi ta ɗawafi har ƙafafunta suka kumbura, sannan ta koma ɗakinta a hawa na shida na wani ƙaramin masauki a unguwar Misfala, ta zauna tana kallon ƙofa.

Abin tausayi, abin dariya. Matar da mutum dubu biyu kan miƙe tsaye su tafa mata, ga ta nan tana jiran tsohuwa ɗaya mai sayar da daddawa da turaren wuta a unguwar Mansur ta ce mata shigo.

Mireya 'yar Kataloniya ce, can ƙasar Sifaniya, inda Barsalona take, garin da samarinmu ba su san shi da komai ba sai ƙwallo. Mahaifinta mai gasa burodi ne a wani ƙauye cikin duwatsu. Tun tana 'yar shekara bakwai aka gane Allah ya yi mata murya, aka kai ta makarantar waƙa a birni, ta fito mawaƙiyar opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ba lasifika ba komai, sai ƙarfin ƙirji. Muryarta irin ta tsakiya ce, wadda suke kira mezo, ba siririya ba, ba kuma mai kauri can ƙasa ba. Masu irin wannan murya ba kasafai ake ba su jarumar wasa ba. Shekara ashirin da huɗu Mireya ta yi tana fitowa a baiwa, ko aminiyar amarya, ko mayya, ko saurayi ɗan gaye. Sai bana, shekarar 2014, tana da shekara arba'in da shida, babban gidan wasa na Barsalona ya ba ta damar fitowa a sarauniya. Saura mako uku a buɗe wasan.

A ɗakin ɗinki na gidan wasan ta haɗu da Abdulwasi'u, Bahaushe haifaffen Makka wanda neman abinci ya jefa Turai. Shi yake ɗinka kayan 'yan wasa. Ta musulunta shekara biyar da suka wuce, ya sa mata suna Rahama. Shekara shida suna son juna, amma ya rantse ba zai yi aure ba sai mahaifiyarsa Hajiya Hure ta sa albarka, ita kuwa Hajiya ko a waya aka ambaci zancen sai ta ce ana kiran salla.

Shi ya sa Mireya ta roƙi hutun kwana goma sha biyu, ta biyo ayarin 'yan umara daga Sifaniya don ta gana da Hajiya. Shi kuwa ya riga ta isowa gida. Da yake ta haura arba'in da biyar, ba a nemi muharrami ba. Karon farko kenan da shekarunta suka yi mata rana. Yanzu saura kwana biyu ayarin ya koma.

A rana ta goma, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wata doguwar mace ce cikin baƙar abaya. Sai da ta shigo ta mayar da ƙofa sannan ta ɗaga niƙabinta. Hancin Abdulwasi'u ne sak a fuskarta.

"Ke ce Rahama? Ni ce Saudat, ƙanwarsa."

"Sannu da zuwa, ƙanwata. Zauna, don Allah. Na yi murna ƙwarai."

Saudat ta ɗan dube ta da mamaki. Hausar Mireya kalmominta kaɗan ne, amma karin ya zauna daram, domin da kunne ta koye ta, kamar yadda ta koyi harsuna huɗu saboda waƙa. Ita kuwa Saudat, da aka haifa a Mansur, rabin Hausarta Larabci ne.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ba zama na zo yi ba." Ta ciro waya ta miƙa mata. "Wannan wane ne?"

Bidiyo ne na shekara uku da suka wuce. Wani saurayi da gajeren gashi, da farin wando matsattse, da takobi a ɗamara, ya durƙusa gaban wata mace mai rigar siliki yana rera mata waƙar so, har ya kama hannunta ya sumbata.

Mireya ta mayar mata da wayar. "Ni ce."

"Na san ke ce. Duk matan Mansur sun san ke ce. Tun shekaranjiya yake yawo a wayoyi."

"Ki saurare ni, Saudat. A wajenmu, idan a labari akwai yaro matashi, mace mai irin muryata ake ba. Al'adar aikin ce, ta fi shekara ɗari biyu. Matar nan da kike gani tana da miji da 'ya'ya uku."

"Ya'ani a can ke namiji ce, a nan kuma kina son ki zama matar yayana?"

"Wandon nan da kike nuna mini, yayanki ne ya ɗinka shi."

Da ta sani da ba ta faɗi wannan ba. Saudat ta riƙe baki, idonta ya cika da ƙwalla, kamar an ce mata yayan ya yi sata.

"La haula. Shekara goma sha takwas muna ce wa mutane akhuya, yayanmu, tela ne a Turai. Ashe wandon mata yake ɗinkawa su fita su yi rawa."

"Ba rawa ba ce."

"Halas, shi kenan, ko mene ne. Kin san Hanan? Matar marigayi ɗan kawunmu. Hafiza ce, tana koyar da yara a unguwa. Shekara huɗu manema suna zuwa tana korarsu, saboda an ce mata akhuya zai dawo. Ita kowa yake so a gidanmu, ba zan ɓoye miki ba."

Mireya ta zauna a bakin gado. "Hajiya ta ga bidiyon?"

"Sau uku. Ta ce a ƙara mata sauti. Da ya ƙare ta tashi ta shiga ɗaki ta kulle, ko abinci ba ta ci ba ranar. Tunda nake ban taɓa ganin ran Ummi ya ɓaci haka ba." Saudat ta sauke niƙabinta. "Ta ce ki zo gobe da hantsi. Ni saƙo aka ba ni. Amma in kina son shawarata, kada ki taka gidan nan kina zabiya."

Ta fita. Mireya ta san kalmar zabiya, Abdulwasi'u ya taɓa koya mata cikin wasa. Ba ta taɓa jin an faɗe ta da irin wannan nauyin ba.

Bayan la'asar suka haɗu da Abdulwasi'u a farfajiyar Harami, inda jama'a ta yi yawan da ba mai kula wa ke magana da wa. Suka tsaya da tazara tsakaninsu, shi cikin farar jallabiya, furfura ta fara cin gemunsa. Da Katalanci suke magana, kamar kullum.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Abdul? Kwana biyu ana yawo da ni a wayoyi, kana zuwa kana ce mini komai lafiya."

"Ina tsoron ki tattara ki tafi."

"Ina zan je? Uwata ta rasu. Yayana bai ƙara ɗaga wayata ba tun ranar da na sa ɗankwali. Matan ayarinmu 'yan Maroko ne, suna da kirki, amma in na shigo sai hira ta tsaya. A garin nan mai mutum miliyan, kai kaɗai na sani, kai ma sai daga nesa kamar mai cutar da ake gudu."

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Rahama, ki gane gidanmu. Mahaifina, Malam Tijjani, Allah ya ji ƙansa, ko rediyo ba a kunnawa a gabansa. Na tashi ban taɓa jin waƙa a cikin gidan nan ba. Ummi ko biki ba ta zuwa, in ta je ma, da an fara kiɗa za ta ɗauki mayafinta. Mace irin wannan, ta yaya zan ce mata ga surukarki mawaƙiya?"

"To me kake so in yi?"

"Ban ce ki yi komai ba."

"Na sani. Shekara shida ba ka taɓa cewa in yi komai ba. Yau nake so ka ce."

Ya kawar da kai. Tattabaru suka sauka kusa da ƙafarsa suka tashi. Abdulwasi'u mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da kan bar wa wani ya ɗauki wuƙa ya yanka da kansa.

"Abdul, shekara ashirin da huɗu ina tsaye a bayan wasu mata ina riƙe musu mayafi. Saura mako uku in tsaya a gaba. Ka san abin da wannan yake nufi a wurina."

"Na sani."

"Ka kuma san in na janye yanzu, ba ciwo ba komai, ba gidan wasan da zai ƙara kirana. Labari zai zagaya kafin in sauka daga jirgi."

"Na sani, Rahama. Shi ya sa ba zan roƙe ki ba. Amma in Ummi ta ce a'a gobe, wallahi ba ni da yadda zan yi. Kawuna ya riga ya yi magana da dangin Hanan."

Ta dubi hasumiyoyin masallaci, ta dubi mutumin da ya taɓa kwana uku a ƙofar asibiti lokacin da aka yi mata aiki, wanda kullum kafin ta hau dandamali sai ya duba kowane maɓalli na rigarta yana yi mata addu'a ƙasa-ƙasa. Ta tuna gidanta na Barsalona, inda take komawa bayan an gama tafi, ta kunna fitila, ta ci abinci a tsaye ita kaɗai. Ta gaji da wannan gidan. Gaskiyar magana kenan, ta gaji.

Ta ciro wayarta. Ta rubuta wa wakiliyarta, mai samo mata aiki, layi uku: ta janye daga wasan, ta bar waƙa baki ɗaya, a yafe mata. Ta aika kafin zuciyarta ta sami damar yin gardama.

Wayar ta yi ƙara sau biyar, ba ta ɗauka ba. Kafin a kira magariba saƙo ya shigo. An bai wa yarinyar da ke jiran ko-ta-kwana, mai shekara ashirin da tara, matsayin sarauniyar, har an sa hannu. A wannan sana'a ba a barin kujera ta huce.

Ta koma Misfala a ƙafa ita kaɗai, cikin ayarin alhazai masu jan jakunkuna. Ba ta yi kuka ba. Sai dai ta lura, tana hawa matakala, cewa karon farko tun tana yarinya ba wata waƙa da ke yawo a cikin kanta.

Washegari da hantsi Abdulwasi'u ya ɗauko ta a tasi zuwa Mansur. Nan Makka ta sauya fuska. Ƙamshin tsire da na waina, mata a bakin hanya da tirensu na kuka da kuɓewa busasshiya, ana ciniki da Hausa ana rantsuwa da Larabci. Idanu suka bi ta tun daga bakin layi. Wata mai sayar da yaji ta taɓa 'yar'uwarta da gwiwar hannu.

Gidan a hawa na uku yake, a wani tsohon bene mai ƙunƙuntar matakala.

Hajiya Hure tana zaune a kan katifar falo ta jingina da matashi. Ƙaramar tsohuwa ce baƙa, mai faɗin ƙirji, da zanen Gobirawa da ya kusa shafewa a kumatunta. Mireya ta durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mata.

"Ina kwana, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Sannu da hanya, baiwar Allah." Ta dubi ɗanta ba tare da ta kama sunansa ba, don ɗan fari ne. "Kai, sauka ƙasa ka jira. Saudat, kawo wa baƙuwa abin sha, ke ma ki ba mu wuri."

Saudat ta kawo sobiya, farin abin shan nan na mutanen Makka, kofi biyu, ƙanƙara na yawo a ciki. Ta ajiye ta fita, ta ja ƙofa.

"Bismilla," in ji Hajiya.

Mireya ta ɗauki kofin ta riƙe da tafin hannu biyu. Ta faɗi maganar da ta kwana tana haddacewa.

"Hajiya, na san abin da kika gani a waya ya ɓata miki rai. Na zo in gaya miki na bar waƙa. Jiya na bari. Ba zan ƙara hawa dandamali ba har abada. Ina son ɗanki, ina roƙon ki sa mana albarka."

Ta jira ta ga fuskar tsohuwar ta saki. Maimakon haka sai ta ga ta ƙara ɗaurewa.

"Wa ya ce ki bari?"

"Ba kowa. Ni na ga ya dace."

"Uhm." Hajiya ta nuna kofin da haɓa. "Tun ɗazu kike riƙe da shi ba ki sha ba. Ba ki son sobiya ne?"

"Ina so, Hajiya. Yanzu zan sha."

"Jira kike ƙanƙarar ta narke. Kina ɗumama shi da hannu don kada sanyi ya taɓa miki maƙogwaro. Ke da kika bar waƙa jiya, wa kike tsare wa maƙogwaron?"

Mireya ta dubi hannuwanta. Ba ta ma san tana yi ba. Shekara talatin rabonta da ta kai abu mai sanyi bakinta. Ta ɗago za ta ba da haƙuri, sai idonta ya sauka a kan hannun Hajiya. Tsohuwar ma ta rungume nata kofin da tafi biyu, ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba.

Suka dubi juna.

"Shekara arba'in da tara," in ji Hajiya a hankali. "Har yau hannun bai manta ba."

Ta ajiye kofin. Ta yi maganar da sannu, kalma bayan kalma, don baƙuwar ta fahimta.

"Iyayena da ƙafa suka taso daga Gobir. Shekara goma sha ɗaya suna hanya, ta Cadi, ta Sudan, ana noma ana gaba. A hanya aka haife ni. Da muka iso garin nan ba mu da komai sai muryata. A nan akwai matan da ke waƙa a bikin mata, da mandiri, daggagat ake ce musu. Ina da shekara ashirin na zama shugabar ayari. Makka, Jidda, Ɗa'ifa, ba gidan mai kuɗin da zai aurar da 'ya bai aiko a ɗauki Hure ba. In na ɗaga murya, 'yar nan, tsofaffi kuka suke yi."

"'Ya'yanki ba su sani ba?"

"Wa zai gaya musu? Waɗanda suka sani sun mutu, sauran kuma na hana su. Malam ya ce yana sona, amma ba zai auri zabiya ba. Ni ma ina sonsa, kamar in mutu. Na ɗauki mandirina na bai wa wata, na shiga gidansa ina murna, ina cewa na yi abin kirki."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Mutumin kirki ne. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma tun ba a yi shekara ba, in na ji ƙarar takalminsa a matakalar nan sai raina ya ɓaci. Ban san dalili ba da farko. Yana yi mini alheri ina jin haushi. Yana dariya ina cewa a raina, kai ba abin da ka rasa. Shekara talatin da biyar ina dafa masa abinci da wannan zuciyar. Ya sani kuwa. Bai taɓa faɗa ba, amma ya sani, ya rame a tsaye. Ranar da ya rasu mata suka cika falon nan suna kuka, ni na nemi hawaye na rasa."

"Hajiya…"

"Bari in gama. Da na fita takaba, wata rana ba kowa a gida, na rufe taga na ce bari in gwada. Na buɗe baki. Abin da ya fito, ko akuya ba za ta amsa ba. Muryar ta tafi. Ba ta jira ni ba."

Yanzu Mireya kuka take yi sosai, hawaye na ɗiga cikin sobiyar.

"Da aka nuna mini ke a waya, yaran nan sun ɗauka wandon nake kallo. Ina ruwana da wando? Numfashinki nake saurare. Na ga inda kika ɗauke shi, na ga inda kika ajiye. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi wa Malam ba. Shekara shida ina ƙin zancenki don na ɗauka irin Turawan nan ce masu wasa da 'ya'yan mutane. Ranar na ce a'a, wannan tamu ce. Wallahi da kin shigo yau kin ce, Hajiya, ni zabiya ce, haka zan mutu, da kafin la'asar na sa an kira liman. Matan Mansur su yi ta magana, dama ba su da aikin da ya fi shi."

Ɗakin ya juya wa Mireya.

"Ɗauki wayarki," in ji Hajiya. "Kira su ki ce kin fasa."

"Sun bai wa wata. Tun jiya."

"Wani wurin fa?"

"Wanda ya yi abin da na yi, ba a ƙara kiransa. Kuma shekaruna sun tafi, Hajiya. Wannan ce ta ƙarshe."

Tsohuwar ta rufe ido. Daga titi ana jiyo mai gas yana buga tukunyarsa.

"To ba zan ba ki shi ba."

Mireya ta saki kofin, ta rarrafa ta kama ƙafafunta. "Don Allah, Hajiya! Don shi na bari. Yanzu ba ni da waƙa, ba ni da dangi, in kika hana ni shi me ya rage mini? Ni ba ke ba ce. Ba zan taɓa jin haushinsa ba. Ni na zaɓa da kaina."

"Ni ma da kaina na zaɓa. Haka na gaya wa uwata, kusan da kalmomin nan naki." Ta ɗora hannu a kan Mireya, ta shafa a hankali. "Ba ƙinki nake yi ba, 'yata. A duk garin nan ba wanda ya san abin da ke ranki yau sai ni. Amma shi ɗana ne. Na ga abin da na yi wa ubansa, ba zan miƙa shi a yi masa ba."

"Ki gwada ni. Ki ba ni ko wane sharaɗi."

Hajiya ta gyaɗa kai.

"Tayyib, na ji. Yana ƙasa yana jira. Sauka ki dube shi, ki saurari abin da zai ce. In kin dube shi ranki bai sosu ba ko kaɗan, ki hawo ki ce mini, Hajiya kin yi kuskure. Zan yarda da ke, ba zan sa ki rantse ba, kuma a ɗaura kafin jirginku ya tashi. Amma kada ki yi wa kanki ƙarya. Ga ƙofa nan, a buɗe zan bar ta."

Mireya ta share fuska ta miƙe. Wannan ai mai sauƙi ne. Ta sauka da sauri tana dafa bango, zuciyarta cike da shi.

Yana tsaye a gindin matakala, yana ganinta ya taho da fara'a har kunne.

"Kin daɗe! Alama ce mai kyau, Ummi ba ta daɗewa da wanda ba ta so. Kin gaya mata kin bari? Me ta ce? Na san za ta ji daɗi. Rahama, jiya na yi barcin da na shekara shida ban yi ba. Kamar an sauke mini dutse daga ƙirji."

Ta tsaya a mataki na biyu daga ƙasa tana kallonsa.

"Za ki huta yanzu," ya ci gaba. "Ba yawon jirgi, ba kwana a otal, ba wannan tsoron mura da kike yi kullum. Af, ɗazu ma shugabar ɗakin ɗinki ta turo mini saƙo. Rigar sarauniya sai an rage ta, yarinyar ba ta kai ki jiki ba. Na ce su ajiye mini, kada kowa ya taɓa, aikin yini ɗaya ne in na koma."

Ya faɗe shi da sauƙi, da murmushinsa mai kyau, irin na mutumin da bai rasa komai ba.

Abin ya taso mata daga can ƙasan ciki, ɗan ƙarami, mai zafi. Ba ta taɓa jinsa ba a shekara shida, amma ba ta buƙaci a gaya mata sunansa ba, don yanzun nan aka gama kwatanta mata shi. Ta dubi hannuwansa, waɗanda take so fiye da komai a jikinsa, ta hango su riƙe da almakashi. So take ya yi shiru. So take kawai ya rufe bakinsa.

"Rahama? Lafiya? Me Ummi ta ce?"

Ta waiga ta dubi sama. Hawa uku ne kacal, kuma daga nan tana hango hasken ƙofar da aka bar mata a buɗe. Kalma huɗu za ta faɗa, tsohuwar ta yi alkawarin ba za ta sa ta rantse ba.

Ta ɗora ƙafa a matakin sama, ta tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke ƙafar.

"Abdul," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "tsayar mini da tasi. Misfala zan koma, ni kaɗai."